Ƙahon Liyafa da Tukwanen Majvor

Talata

Yaya Torkel,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Takarda na rubuto tunda ka kashe waya, wai mutanen zamanin Vikin, tsofaffin mayaƙan tekun arewacin Turai, ba su da ita.

Liyafar ƙungiyarmu ta kwaikwayon rayuwar Vikin ran Asabar ce, kuma har yanzu ba ni da masu shara da wanke-wanke. Jiya na je wurin Sixten manomi, mai ba mu aron rumbunsa, ƙaton ɗakin nan da yake ajiye ciyawar shanu. Ko zama bai ce in yi ba. Ya ce, “Majvor, bara ƙasusuwa na yi ta tsinta a cikin ciyawar shanuna. Bana in azahar ɗin Lahadi ta yi wurin nan bai koma yadda yake ba, ku nemi wani rumbun.” Ka san babu wani a ƙauyen nan.

Na bi kowa. Masu sa kayan bayi a wasan kaɗai suka amsa, wato ni da Ylva mai ciwon gwiwa. Kai ne sarkin wasan, ka yi wa mayaƙanka magana.

Ka gaida mai ɗakinka Birgit.
Ƙanwarka, Majvor

Alhamis

Zuwa ga ƙanwata Majvor,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kuma yi nazarinsa da kyau.

Sai dai ki fahimci cewa abin da muke yi raya tarihi ne. Mayaƙi ba ya kankare tukunya, balle sarki. Ranar Lahadi da safe iyaye kan kawo yara su ga takubba. Me za su ɗauka in sun tarar da ni riƙe da bokiti? Na tuntuɓi Halvar maƙeri, ya ce shi bayansa ma ba ya sunkuyuwa.

Sixten kuwa baki ne kawai gare shi. Ki yi haƙuri, ku lallaɓa kamar kullum. Baɗi zan 'yanta ki a gaban jama'a, da zobe da komai.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Torkel

Juma'a

Yaya,

Na gode da 'yancin baɗi. Tun da muka fara wasan nan ban taɓa zama na ci naman da na gasa da zafinsa ba, kuma abin yana yi mini ciwo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kai kana sayar da tayoyin mota. Kaya kawai muka sa.

Sai gobe.
Majvor

Litinin

Majvor,

Ina gaisuwa, ko da yake hannuna da ƙyar yake riƙe biro.

Abin da kika yi mini bai dace ba. Kin san dokarmu, ba mai taɓa abinci sai uwar madafa ta miƙa wa sarki ƙahon giyar zuma. Kika zo gabana kika tsaya, kika ƙi miƙawa. Rago yana hucewa, jama'a sun zuba ido. Na ce a hankali, “Ke, ba ni mana.” Kika ɗaga murya, “Ranka ya daɗe, rantse tukuna, gobe kai da mayaƙanka za ku wanke rumbun nan!” Halvar da yunwa ta ci ƙarfinsa ya buga tebur, “Rantse mana, Torkel, cikina kuka yake!” To, rantsuwa a kan ƙaho ba ta tashi, ke ma kin sani.

Mun yi. Babbar tukunyar nan da yashi da toka na kankare ta, tunda kin hana sabulu, wai ai raya tarihi muke yi. Wata yarinya ta tambayi uwarta ko an ci sarki da yaƙi ne. Gaskiya ban san haka aikin yake ba. Da na tuna ku biyu kuke yinsa duk shekara, sai na ji kunya.

Me Sixten ya ce? Ya zagaya wurin ya wuce abinsa.

Yayanki, Torkel

Laraba

Yaya,

Sannu da aiki. Sixten ya ce mu dawo baɗi.

Ƙungiya ta zauna jiya, kai wayarka a kashe. Baɗi ni ce sarauniya. Ga rigar bayi nan cikin ƙunshi, na ƙara mata faɗi don ta ɗauki tumbinka.

Ka shafa wa hannun man kaɗanya.
Majvor