Tsayin Gadar Bakin Tasha

Fremantle, 3 ga Agusta.

Yaya Nunzia,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan, kuma ciwon ƙafar ya yi sauƙi.

Kin ce in rubuto miki yadda abin ya faru. Ranar Talata, 11 ga Yuni, da hantsi, igiyar tarko ta naɗe ƙafar ɗana Dario, ta ja shi ruwa daga jirginsu na kamun kifi. Washegari aka sami gawarsa. Yana da shekara ashirin da shida.

Na koma aiki. Kin san ni ke zana sabbin kantuna da ofisoshi na bakin tashar jiragen ruwa: gini biyu, da gada a sama mai haɗa su. Ta ƙarƙashinta masunta za su riƙa wucewa da mutum-mutumin Maryama ranar sa wa jirage albarka, maza takwas ɗauke da ita a kafaɗa. Dario na cikinsu. Da ya ga zanen a Mayu, dariya ya yi, ya ce, "Baba, duk karatun nan naka, Uwarmu za ka sa ta sunkuya?" Gadar ta yi ƙasa.

Na nemi masu ginin su bari in ɗaga ta. Sun ce za a yi asarar ofisoshi huɗu, kuma masunta na iya zagayawa ta titi. Ban amince ba.

Ƙaninki,
Carmelo

Fremantle, 20 ga Satumba.

Yaya Nunzia,

Ina gaishe ki, ina kuma gode wa addu'o'inki.

Masu ginin sun ce in kawo awo tabbatacce. Tilas aka ɗaga Maryama a kafaɗa a farfajiyar coci don a auna tsayinta har kambi. Masu ɗauka sun zo su bakwai. Shugabansu, tsoho Saverio, ya dube ni ya ce in cire kwat in shiga wurin yaron, ai fensir bai karya mini kafaɗa ba. Na shiga.

Da tsayi ake jera su, Yaya, kowa da abokin kafaɗarsa. Dario ya fi ni da kusan taƙi guda. Muna ɗagawa ta karkato ta gefena. Saverio ya ninka rigarsa, ya cusa mini tsakanin kafaɗa da itacen da ake ɗaukarta da shi, ta miƙe, aka auna.

Jiya sun sa hannu. Za a ɗaga gadar, ofisoshi huɗu sun tafi.

Bikin sa wa jirage albarka saura wata guda. Saverio ya ce bisa al'ada mahaifi ke zaɓar wanda zai gaji wurin, kuma dole ya kai tsayin Dario. Ban fara nema ba.

Ki gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ƙaninki,
Carmelo Miragliotta