Ɗan Injin da Ya Ƙi Juyawa a Tafin Baba

Kirkissoye, Yamai

Zuwa ga Yaya Joshuwa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya kai da Anti Rebeka da yara, Allah ya kare ku daga sanyin Kanada. Mu nan zafi kamar zai gasa mutum, amma Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma zuwa sujada.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka tuna ɗan injin da ka aiko masa, mai juyawa in an ɗora shi a tafin hannu? Tun da ya bar koyar da kimiyyar fizik a lise, babbar sakandare, bai samu abin da ya ɗauke masa hankali kamarsa ba. Ni da na tsani lissafi, ya mai da ni ɗalibarsa ƙarfi da yaji. Ya ce ba zafi kaɗai ke juya inji ba, bambancin zafi da sanyi ne. Wai in aka ƙirga da ma'aunin Kelvin, daga sifilin gaskiya inda babu sauran ɗumi, hannun mutum da iskar safe kusan ɗaya suke. Shi ya sa ko injin da ba shi da aibi, ɗan kaɗan daga ɗumin ne zai mayar ya zama aiki, sauran ya wuce ga sanyi.

Da bazara ta kankama, injin yakan juya dama da safe, da rana kuma, in iska ta fi jiki zafi, ya juya hagu. Tsakani akwai wani lokaci da hantsi da yake tsayawa cik. Baba ya shiga zaman jiran wannan lokacin a gindin itacen bedi, ya hana kowa magana. Ya ce ranar da komai ya daidaita, ba mai ba wani ɗumi, ko ganye ba zai ƙara motsi ba. Da farko dariya nake yi, amma yanzu ba na son ratsa tsakar gida a lokacin.

Makon jiya da sanyin safiya injin ya ƙi juyawa a hannunsa. Na ɗauka ya lalace, na ɗora a nawa, ya kama gudu. Na mayar masa, ya tsaya. Inna ta gwada, ya juya. Yaya, ban tsaya wata-wata ba. Na kira Dabora, maƙwabciyarmu mai aikin jinya, ta duba Baba ta ce jini ne ba ya kai wa hannuwansa sosai, a kai shi likita. Ya ƙi. Murmushi kawai ya yi, ya ce injin da ya tsaya ba a zuba masa mai. Tun ranar, loma biyu yake ci ya ture kwano.

Na san ka ce sai Kirsimeti za ka zo, amma ina jin tsoro. Jiya ya riƙe hannuna, ban ji ɗumi ba, ban ji sanyi ba, kamar na kama kujerar da yake kai. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah kada ka jira Disamba.

Inna da Kawu Bulus suna gaishe ku, a shafa mini kan yara. Baba ya hana in rubuta tasa gaisuwar, ya ce hannu da hannu zai ba ka, in ka same shi.

Ƙanwarka,
Priska