Rigunan da Na Ɗinka wa Ordinata Goma Sha Biyu

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Cibiyar koya wa matasa aikin ordinata,
Banifandou, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ina kuma gaida baƙin nan goma sha biyu da ke kulle a ɗakin sama, da fatan zaman bai gundure su ba.

Ranka ya daɗe, ka san fuskata ko da ba ka riƙe sunana ba. Ni ne telan nan na Talladjé, mahaifin Rakiya, ɗalibarku mai shekara goma sha shida, wadda in aka cire kujeru babu wanda ya kai ta daɗewa a ajin farko. Sau uku na zo ofishinka, sau uku aka ce mini kana taro. Ganin yawan taron ya sa na ce bari in rubuto a fili, wataƙila wani daga cikin mahalarta ya karanta maka.

Na farko, godiya, domin ni ba butulu ba ne. Ku kuka koya wa ɗiyata yadda ake ba ordinata, wato kwamfuta, umarni da tubalan nan masu launi, waɗanda ake jawowa a jera a kan allo: wannan ya ce tafi, wancan ya ce juya, na ƙasa ya ce in ka taɓa bango ka dawo. Darasin ƙarshe shi ne a sa wata akuya da ke kan allon ta tsallake bokiti. Ranar da akuyar Rakiya ta tsallake, da gudu ta shigo shago tana ba ni labari, har na soke yatsana da allura don murna. Takardar shaidar da kuka ba ta na sa aka yi mata gilashi, na rataye bisa keken ɗinkina.

Da zango na biyu ya zo, aka ce ajin gaba bai buɗe ba tukuna, ta ɗan maimaita kada hannunta ya yi sanyi. Akuya ta sake tsallake bokiti. Zango na uku ma haka. Yanzu takardun shaida uku ne a bangona, kalmominsu iri ɗaya, sai dai ta ukun da koren biro ka sa hannu, kuma na yaba da wannan ci gaba. Akuyar kuwa na fara tausaya mata, don ko jakin ɗibar yashi ana ba shi hutu.

Ni ma da takarda na fara ɗinki a Damagaram. Maigidana yakan ja layi a kan takarda, in bi shi da keke babu zare, har hannuna ya faɗa. Sati biyu ya yi mini haka, sannan ya miƙo mini yadi. Da ya bar ni shekara biyu a kan takarda, da yau duk ƙasar nan babu wanda ya fi ni iya huda takarda, kuma da iyalina sun kwana da yunwa.

Na biyu, ka san abin da yarinyar nan take yi a bayan akuyarku? Kakarta ta wajen uwa tana da gonar shinkafa a Saga, kuma duk kaka Rakiya na zuwa taya ta korar tsuntsu. Shi ne ta tsara wasanta na kanta: tsohuwa tsaye a kan kunya da gwangwani da igiya, tsuntsaye na sauka, mai wasa na kora kafin su cinye zangarniya. Da hannunta ta zana komai, har ɗaurin kallabin kakar. Da tubalanku ta gina shi, ya kuwa yi kyau, matuƙar tsuntsayen ba su yi yawa ba. Da zarar sun zo garke guda, yadda suke zuwa a gonar gaskiya, sai wasan ya sandare, tsohuwa ta tsaya da hannu a sama. Tubalan da ta jera sun yi tsawon da sai ta yi ta gangarawa kafin ta gano inda ta tsaya jiya.

Mushe Abdu, malamin da kuka ɗauka musamman don ajin gaba, ya duba ya ce mata: "Rakiya, ke kin gama da tubali. Abin da ya rage miki ki rubuta umarnin da hannunki, a babbar manhajar da masu yin wasanni ke aiki da ita, har wasan ya hau waya. Amma waɗannan tsofaffin mashin na ƙasa ba su ɗauka, sai na sama. Ni kuma ba ni da makulli." Wannan bawan Allah kullum yana zuwa aiki a kan lokaci, ya zauna gindin itacen bedi ya dafa shayi. Na sha, kuma na shaida hannunsa ya faɗa ƙwarai, don haka ba za a ce cibiyar ba ta horar da kowa ba.

Na uku, maganar ɗakin sama, kuma a nan ni ma ina da laifi. Damina biyu ke nan da aka kawo sabbin ordinata goma sha biyu. Kai da kanka ka aiko a kira ni, ka ce a ɗinka musu riguna kada ƙura ta taɓa su kafin ranar bikin buɗewa, wadda ka ce saura sati uku. Na auna su ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa ɗaurin aure. Na zaɓi yadi mai kauri, na sa zip, na yi wa kowace ado a gefe. Har na yi maka ƙarin da ba ka nema ba, na sa ɗan madauki inda za a rataya kwaɗo. Ina taka keke ina alfahari, wai ɗiyata ce za ta fara zuge zip ɗin nan. Ashe da hannuna nake ɗinke mata ƙofa.

Tun daga nan muke jiran babban baƙon da zai yanke ƙyalle. Da farko aka ce ya tafi aikin hajji, muka ce Allah ya karɓa. Da ya dawo aka canza masa wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce sai an rubuto sabuwar wasiƙa. Aka rubuta, ya sa rana, sai aka tuna allon dutsen da za a buɗe sunan na farkon ke sassaƙe a jiki, sai an yi wani. Na ji an gama sabon allo, kuma na ji raɗe-raɗin shi ma na biyun ana shirin canza shi. Sannu dai ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma mun daɗe.

Na huɗu, ina taya cibiya murnar yaye ɗalibi na farko zuwa ajin gaba. Ranar Litinin da ta wuce mai gadinku ya zo shagona ya ce in zo da allura, rigar ordinata ta bakwai ta ɓule. Ya buɗe mini ɗakin, na zuge zip, sai ga uwar ɓera da ƴaƴanta kwance a bayan mashin, sun yi shimfiɗa da takardar bayanin da aka kawo shi da ita. Ta ɗanɗana wayar wuta biyu, ta bar sauran sai wani zango. Mai gadi ya ce: "Malam, don Allah ka ɗinke ta yadda Darakta ba zai gani ba, kada a ce ba mu kula da kaya." Na ɗinke, domin sana'ata ce. Amma ka sani, ɓera bai jira babban baƙo ba, bai kawo takardar shaida ko ɗaya ba, ya riga Rakiya shiga ajin.

Na biyar, kuma a nan na ajiye wasa. Hutun nan shi ne na ƙarshe da yarinyar nan take da shi. In aka koma lakwal za ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita ta bak na gabanta, kuma mun riga mun yi magana da mahaifiyarta cewa daga ranar babu sauran zuwa Banifandou. Sati shida suka rage. Da, ba ta barin kowa ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali don labarin tsuntsayenta. Yanzu ta daina. Kakarta ta zo daga Saga ta ce: "Ina wasan nan da aka ce an sa ni a ciki? A nuna mini a waya mana tun idona na gani." Rakiya ta tashi ta shige ɗaki. Shekaranjiya kuma ta zo shago ta zauna kusa da ni ta ce: "Baba, koya mini keke. Naka dai ba a sa masa riga ba." Ɗinki sana'a ce mai albarka, da ita na ciyar da ita. Amma na san ba son ɗinki ya kawo ta ba, kuma maganar ta yi mini ciwo ƙwarai.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe. A ba Mushe Abdu makulli, ko da za a rasa shayinsa. A bar duk ɗalibin da akuyarsa ta tsallake bokiti sau biyu ya hau sama. Bikin kuwa a yi shi duk ranar da Allah ya kawo baƙon. Na yi alkawari a jajibirin ranar zan zo in wanke rigunan in goge, in mayar wa kowane mashin tasa, in zuge zip. Babu wanda zai gaya masa an taɓa su, kuma ni ban taɓa ganin babban baƙon da ya duba ko maɓallai sun goge ba.

In kuma doka ce lallai sai an yanke ƙyalle kafin a kunna, to, wannan ɓangarena ne. Ranar Asabar da safe zan iso ƙofar cibiya da ƙyalle kamu biyar, kowane launi kake so, da almakashina wanda na bayar aka wasa jiya. Zan taho da baƙuwa daga Saga, mai shekarun da suka wuce na baƙinku biyun, wadda ba a canza mata wurin aiki, kuma ba ta neman a sassaƙa sunanta a dutse. Ita dai so take ta ga kanta tana korar tsuntsu a waya.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya rage maka yawan taro, ya sa makullin yana nan inda aka ajiye shi. Sai mun zo ranar Asabar.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sani Tela, mahaifin Rakiya,
Talladjé, Yamai.