Zabin Baba Sati

Samaru, Zariya
10 ga Agusta

Yaya Mordecai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Sarah, ƙafar tata ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, ruwa kuma sai godiya.

Yaya, na jawo magana, kuma kafin ka fara mini wa'azi ka sani ban yi nadama ba.

Ka san ƙungiyarmu ta masu ƙera ƙananan jirage, da muke tashinsu duk Asabar a wani fili a Palladan. Ka kuma san jirgina na soso, wanda ka ce ya kore mini samari. To, mako uku da suka wuce Baba Sati, tsohon nan mai share mana coci, ya tare ni bayan sujada. Masararsa a ƙauyen Jama'a ta fi shi tsawo, yana jin warin ruɓa amma ya rasa daga ina, ga gwiwa ba ta barinsa ya zaga gonar. Na ɗaura wa jirgin kyamara, cikin minti goma na gano ruwa ne ya kwanta a kusurwar gabas. Ya buɗe masa hanya, masara ta farfaɗo.

Ranar Alhamis sai ga shi a kan keke da zabi biyu a ɗaure. Na karɓa da hannu biyu, yadda Mama ta koya mana. Jiya a fili ni da bakina na ba da labari, ina ta murna. Nan take Felix, shugabanmu, ya ɗaure fuska. Wai izinin da muke da shi na wasa ne kawai, duk wanda ya yi wa wani aiki da jirgi ya karɓi ko goro ne ya zama ɗan kasuwa, sai da lasisi. Wai zan sa a rufe mana fili. Ya ba ni mako biyu, ko in mayar da zabin ko in ajiye katina na ƙungiya.

In mayar wa dattijo kyautarsa? A nan Sabon Gari aka haifi Felix, ba baƙo ba ne, ya san abin da hakan ke nufi. Ban yi ciniki da kowa ba, kuma ba zan mayar ba.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Clara

Samaru, Zariya
31 ga Agusta

Yaya Mordecai,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya, Anti kuma ta miƙe.

Amsarka ta iso. Ka ce a takarda Felix ne mai gaskiya. Na sani, ai na iya karatu. Amma shawararka ta in ba Baba Sati kuɗin zabin kamar saya na yi, wannan ta fi mayarwar muni.

Magana ta kai kunnen tsohon, ban san ta bakin wa ba. Ana gobe wa'adin zai cika ya zo gidana, ya cire hula, ya ƙi zama a kujera. Idonsa a ƙasa ya roƙe ni in ba shi zabinsa, wai shi bai yi boko ba, bai san laifi ya yi ba, kada a kore ni saboda shi. Yaya, mutum mai shekara saba'in yana ba ni haƙuri don ya yi mini alheri. Ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba.

Na ce ya jira in kawo masa ruwa. Na zaga baya na sa wa zabin wuƙa, duka biyun. Na yi farfesu, ban bar shi ya tashi ba sai da ya ci kwano biyu. Washegari na kai wa Felix katina, na haɗa masa da cinya ɗaya a leda. Katin kawai ya karɓa.

Jirgin yana kan sif. Jiya ce Asabar ta farko cikin shekara shida da ban je fili ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, kuka na yi sosai. Na fara tambayar yadda ake neman lasisin, an ce abin da wuya, ban san ko zan samu ba.

Amma yau a coci Baba Sati ya gaishe ni yana kallon idona.

Allah ya tsare ku duka.

Taka mai taurin kai,
Clara