Littattafan Ruwan Sama Ashirin da Shida

Malama mai wannan fili, a taimaka mini da shawara, ko da yake ban cika yarda da shawarar jarida ba.

Ran tara ga watan Maris, shekara goma sha huɗu ke nan, aka ƙone mini littattafai ashirin da shida. Ni ne mai awon ruwan sama a wata tashar binciken noma. Kullum ƙarfe bakwai na safe ina gaban ma'auni, in duba, in rubuta da hannuna, littafi ɗaya kowace shekara. Ranar da aka haifi ɗiyata ma sai da na rubuta sannan na tafi asibiti. Digirina biyu. Abokan karatuna sun zama manya, ni na zaɓi wannan. Wata uku da yin ritayata, sabon shugaba ya sa aka share sito aka cinna musu wuta, wai an riga an zuba komai a kwamfuta. Na shekara goma kawai aka zuba. Shugaban nan mijin ƙanwata ne, ni na koya masa karanta ma'auni. Tun ranar ban taka gidansu ba. Sau biyu ya zo ban haƙuri, na sa aka ce ba na nan.

Bara ciwon baya ya kwantar da ni, ɗiyata ta kai ni ajin motsa jiki na yoga a wani ɗaki saman kantin magani. Mu takwas ne, duk tsofaffi, kowa da tabarmarsa ta roba. Bayana ya yi sauƙi, ba zan yi ƙarya ba. Amma a ƙarshen kowane zama malamin, wanda na haifi kamarsa, yakan sa mu kwanta rigingine, mu buɗe tafin hannu, duk tunanin da ya zo mu bar shi ya wuce, kada mu riƙe, kada mu kora. Na kusa da ni har minshari yake yi. Ni kuwa wutar nan nake gani, wadda ko ganinta ban yi da idona ba.

Da yake ni mutum ne mai tsari, sai na sayi littafi. Kowace safiya ina rubuta sau nawa abin ya faɗo mini a rai jiya. Na fara da sha ɗaya. Yau wata takwas, ina tsakanin tara da sha biyu. Babu ci gaba.

Makon jiya ƙanwata ta aiko cewa idonta yana mutuwa, likita ya ce 'yan watanni suka rage mata na gani, tana so ta ga fuskata. Ba ta iya fita, mijin kuma kullum yana gida. Ba na son in je da munafunci. Zuwa nawa ya kamata adadin ya sauka kafin in ce na saki?

Tsohon mai awon ruwa

Baba, ba a kyauta maka ba. Aikin shekara ashirin da shida ba shara ba ne, kuma ya kamata mijin ƙanwarka ya tambaye ka kafin ya sa ashana. Amma ya tako har ƙofarka sau biyu. Ban san zuciyarsa ba, sai dai wannan ya fi kama da ganganci, ba ƙeta ba.

Sabon littafinka shi ne matsalar. Malamin ya ce ka bar tunani ya wuce, kai kuwa ka tsaya a ƙofa kana tare shi don ka ƙirga. Ka daina rubutawa daga yau, ka ci gaba da zuwa ajin. Sakin abu ba mantawa ba ne, ba kuma cewa an yi daidai ba ne. Daina jiran a mayar maka da shi ne kawai.

Babu adadin da za ka jira. Ka je cikin makon nan, da ɓacin ranka duka. Wannan ba munafunci ba ne, zumunci ne. Ka yi wa maigidan sallama, in ka iya ƙarawa ka ƙara, in ba ka iya ba ta wadatar. Ka je da hantsi, ka zauna kusa da taga inda haske zai sauka a fuskarka, ka daɗe.

Allah ya ba ta sauƙi, ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara wa bayanka lafiya. Shekara goma sha huɗu ba ta ga yayanta ba, Baba, kuma waɗannan ba wuta ce ta cinye su ba.