Ƙwaryar Hajjo Tana Ɗakina

Zuwa ga Alhaji mai kamfanin da ke kwasar yashi a fadamarmu,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Ladi, manomiya ce ni a wani ƙauye tsakanin Keffi da Agwada. Kunya ce ta ishe ni, shi ya sa na rubuto maka a bainar jama'a.

Na farko. Tun surukina yana raye, duk rani Ardo Buba yakan sauka a gonarmu da shanunsa. Su ci karan dawa, su bar mana taki, su sha ruwa a fadama. Matarsa Hajjo takan kawo mini nono a ƙwarya, ni kuma in mayar mata da ita cike da dawa. Mu Kiristoci ne, su Musulmi, ko cacar baki ba mu taɓa yi ba.

Na biyu. Tun da tifofinka suka fara jigilar yashi zuwa Abuja, fadama ta koma ramuka. A da takan riƙe ruwa har Afrilu, yanzu kafin Kirsimeti ta bushe. Ɗan ruwan da ya rage yana can ƙasan rami, saniya ba ta iya sauka.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Bana da su Ardo suka iso, shanu suka jeru a bakin rami suna kuka, ga ruwa suna gani. Wata karsana ta zame ta karye, dole aka yanka ta. Duk da haka Hajjo ta zo da nono, har tana ba ni haƙuri wai bai da yawa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baƙona ya sauka, ruwa ma ya gagare ni! Washegari na tarar sun tashi.

Roƙona, Alhaji, ka bar mana gefen giginyu da ba a haƙa ba tukuna, ka sa a kwantar da bakin rami ko guda ɗaya ya zama mashaya kafin rani mai zuwa. Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare ka daga jin kunya a gaban baƙonka.

Ƙwaryar Hajjo tana ɗakina. Na cika ta da dawa, amma ban san inda zan kai ta ba.

Wassalam.
Ladi