Hoton Katin Zaɓe

Barnawa, Kaduna
9 ga Agusta, 2024

Ɗana Isaac,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Faith, Allah ya tsare ku daga sanyin ƙasar da kuke. Ni dai ina nan, gwiwa ce take damuna. Ƙanwarka Patience tana zuwa daga Narayi ran Asabar ta dafa mini miyar mako, sauran kwanakin daga ni sai rediyo. Yau wata goma sha ɗaya da binne mahaifiyarka, kuma akwai maganar da na riƙe tun ranar ban faɗa maka ba.

Littafin hotunanka ya iso, tare da takardar da kake roƙo in rubuta 'yan kalmomi a manna a bangon wurin da za a nuna hotunan, tunda ni na fara sa maka kyamara a hannu. Patience ta bayyana mini cewa duk a cikin wasan kwamfuta ka ɗauke su, babu dutse ko kogi ɗaya a ciki da Allah ya halitta. Ta ce kakan tsayar da wasan cak ka zagaya da kyamara, har rana ma kana matsar da ita da yatsa. Ni kuwa da na karanta zane a Zariya, na taɓa yin kwana uku ina komawa gadar Kaduna ina jiran haske ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya ba, hotunan sun yi kyau. Na daɗe ina kallon na wata tsohuwa a ƙofar bukka, haske ya faɗo mata a gefen fuska. Ka riƙe abin da na koya maka, ka bar mata sarari ta inda take dubawa. Shi ya fi ƙona mini rai.

Ka tuna Kirsimetin ƙarshe da ka zo. Ka san tun da ciwo ya ramar da mahaifiyarka ba ta yarda kowa ya ɗauke ta hoto. Ranar nan ta ɗaura sabon zanin zumuntar matan coci, ta zauna a baranda, ta kira ka da bakinta ta ce ka zo ka ɗauke ta. Ka amsa daga ɗaki cewa kana zuwa, akwai hasken da kake nema a wasan. Ta zauna har rana ta faɗa bayan gidan maƙwabcinmu Joseph, sannan ta miƙe ta ce ba komai, a bari sai gobe. Ba ta sake nema ba. Ni ma ina zaune a wurin da waya a aljihu, ban ciro ta ba, don na sha rantsuwa cewa abin da waya ke yi ba hoto ba ne. Wannan laifina ne, na sani.

Da ta rasu, mai buga takardar jana'iza ya nemi hoto. Albam ɗinmu da duk fim ɗin kyamara da na tara, ka san ambaliya ta cinye su tun muna bakin kogi. Muka birkita gidan nan. A ƙarshe hoton katin zaɓenta aka faɗaɗa, fuskar ta dushe, bakin a ɗaure. A coci wata ƙawarta ta juya takardar ta tambayi Patience ko kuskure aka yi wajen bugawa.

Saboda haka ba zan iya rubuta kalmomin nan ba. Na ɗauki biro sau uku na ajiye. Wata mai zuwa za a yi addu'ar cikar shekara, kuma da hoton katin nan za a sake bugawa.

Ka gaida Faith. Patience da gwaggonka Judith ta Kamazou suna gaishe ka. Tsohuwar nan ta cikin littafinka tana shafi na ashirin da uku, duk lokacin da na buɗe tana nan. Mahaifiyarka kuwa, ba mu da hotonta ko ɗaya tana dariya.

Mahaifinka,
Bulus